Me yake ƙirga wa tsutsa saɓarta, kuma ina take ɓuya da rani?

Wani ɗalibi da ke karatun kimiyyar dabbobi a Samaru ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce: "Malam, an koya mana cewa tsutsar ciki tana saɓa sau huɗu kafin ta balaga. Me yake ƙirga mata, me kuma yake hana ta yin ta biyar? Sannan tumakin babana a wajen Giwa sukan wuce rani lafiya lau, amma da ruwa ya sauka sai rama da kasala da kumburin haɓa, tun ciyawa ba ta gama tashi ba. Daga ina tsutsar take fitowa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tambayoyin nan naka biyu tushensu ɗaya ne, kuma na ji daɗi da ka haɗa su, domin ɗalibai da yawa sukan haddace ta farko don jarrabawa su bar wa makiyayi ta biyu. Amsar a taƙaice ita ce: a jikin tsutsar akwai tsari biyu na lokaci. Ɗaya yana zagayawa yana maimaita kansa, shi ne yake kawo saɓa. Ɗayan yana tafiya gaba kawai ba ya komawa, shi ne yake faɗa wa jiki matakin da ake ciki. An ɗaure su da juna, kuma akwai wuraren da tsutsa take iya tsayar da su duka biyun idan yanayi bai yi mata ba. Wannan tsayawar ce take cutar da tumakin babanka.

Maganarmu a kan dangin nematoda ne, wato tsutsotsi masu jiki mulmulalle kamar zare. Tsila da tsutsar hanta ba sa ciki, su ba sa saɓa. Kusan duk abin da aka sani game da ƙwayoyin gado na wannan al'amari an samo shi ne daga wata 'yar tsutsa da ba ta cutar da kowa, mai suna Caenorhabditis elegans, a taƙaice C. elegans. Tsawonta kamar milimita 1, tana cin bakteriya a ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da taki, jikinta garai-garai ana hango cikinsa. Sydney Brenner ne ya ɗauke ta ya mai da ita abin bincike a Kambirij ta Ingila a shekarun 1960. Babbar da take haihuwa ita kaɗai tana da ƙwayoyin jiki 959 daidai, ban da na haihuwa, kuma an bi kowace ɗaya an san daga wacce ta fito da lokacin da ta rabu. Daga ƙwai zuwa balaga kwana uku ne da 'yan awoyi a zafin digiri 20. A tsakani akwai matakai huɗu na ƙuruciya, L1 da L2 da L3 da L4, kowanne yana ƙarewa da saɓa.

Da za ka zauna gaban maikuroskop ka kalli saɓar da idonka, ga abin da za ka gani. Tsutsar da ta wuni tana yawo a kan faranti, maƙogwaronta yana bugawa ba hutu tana zuƙar abinci, sai ka ga bugun ya ragu, ya ragu, ya tsaya cik. Ta miƙe ta yi shiru. Bakinta ya toshe. Idan ka taɓa ta da silin gashi sai ta ɗan motsa da ƙyar ta koma. Wannan hali yakan ɗauki awa biyu ko kusa da haka, kuma an nuna cewa barci ne na gaske, har da ƙwayar jijiya ta musamman da take sa shi. Amma a ƙarƙashin shirun ana aiki tuƙuru: fatar ciki mai rai tana sakin sinadarai masu narkar da maɗaurin tsohuwar riga, tana kuma zuba sabuwa a ƙarƙashinta. Rigar da kolajin aka yi ta, wato wani furotin mai ƙarfi, kuma wannan 'yar tsutsa tana da ƙwayoyin gado fiye da 170 na kolajin kaɗai, ba duka ake kunnawa a mataki ɗaya ba. Can sai ka ga ta fara murɗawa tana juya jikinta a cikin tsohuwar rigar, tana ja da baya tana turawa gaba. Har shimfiɗar cikin maƙogwaronta sai ta tofar. Rigar ta tsage ta wajen kai, ta sulale ta fito, nan take ta koma ci. Tsutsar da ta kasa fita takan ja tsohuwar rigar a wutsiya, ko rigar ta shaƙe ta a tsakiya ta mutu a ciki.

To, bari mu fara da tsarin da ke tafiya gaba, don shi aka fara ganowa, kuma labarinsa ya fi daɗi.

A kowane gefe na jikin tsutsar akwai jerin ƙwayoyin jiki da suka bi tsawonta kamar layin ɗinki. Idan ta ƙyanƙyashe guda 10 ne a kowane gefe. A kowane mataki suna rabuwa sau ɗaya, amma a L2 wasu daga cikinsu suna ƙara wata rabuwa ta daban wadda take ƙara yawansu, har su kai 16. A ƙarshen L4 sai su daina rabuwa gaba ɗaya, su haɗe da juna, su fitar da wasu tudun layuka a kan rigar balaga. Wannan ya ba masu bincike abin dubawa: da ka kalli waɗannan ƙwayoyin za ka san matakin da jikin yake zaton yana ciki, ko da kuwa ba ka ƙirga saɓa ba.

A 1984 Victor Ambros da Robert Horvitz suka bayyana wasu tsutsotsi da lissafinsu ya rikice. Wadda ƙwayar gadonta mai suna lin-14 ta lalace, tana ƙyanƙyashewa sai ta tsallake aikin L1 ta kama na L2, komai ya zo da wuri, ta sa rigar balaga tun a saɓa ta uku, ta zama 'yar guntuwar babba. Wadda lin-4 ɗinta ya lalace kuwa akasin haka: ta yi ta maimaita aikin L1 a kowane mataki, ba ta samun mafitar ƙwai, tana ta ƙarin saɓa bayan ta huɗu. Wadda lin-28 ya lalace tana tsallake aikin L2. Wadda lin-29 ya lalace tana zuwa har bakin balaga, gaɓoɓin haihuwarta su nuna, amma fatarta ta ƙi yarda an girma, ta ci gaba da yin rigar yara tana saɓawa.

Da aka bi diddigi sai aka ga furotin na lin-14 yana da yawa lokacin ƙyanƙyasa, kafin ƙarshen L1 ya ragu ƙwarai, kuma lin-4 ne yake rage shi. Kowa ya ɗauka lin-4 ma furotin yake yi, kamar sauran. A 1993 Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum da Ambros suka nuna ba haka ba ne: abin da lin-4 yake fitarwa wani guntun RNA ne, wato irin zaren da ake kwafo saƙon ƙwayar gado a kansa, mai harafi 22 kacal. A wannan shekarar Gary Ruvkun da abokan aikinsa suka nuna inda guntun yake zuwa ya manne a jelar saƙon lin-14, ya hana a karanta saƙon a yi furotin. Shekara bakwai duniya tana kallon abin a matsayin wata baƙuwar ɗabi'a ta tsutsa. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, mai harafi 21, kuma aka same shi kusan ba canji a jikin ƙuda da kifi da ɗan'adam. Daga nan ƙofa ta buɗe, aka gane cewa irin waɗannan maikuro-RNA ɗaruruwa ne a jikinmu. A 2024 aka ba Ambros da Ruvkun lambar yabo ta Nobel a kan wannan aikin. Ina so ka riƙe cewa tambayar da ta kai su can ita ce irin taka: me ya sa wannan tsutsa ba ta san shekarunta ba?

Jerin kamar haka yake tafiya. Tsutsa ta fara cin abinci, lin-4 ya tashi, ya danne lin-14, aka fita daga L1. Sai lin-4 ya taimaka wajen danne lin-28, wasu 'yan'uwan let-7 guda uku, mir-48 da mir-84 da mir-241, suka danne hbl-1, aka fita daga L2. Muddin furotin na lin-28 yana nan, yana riƙe let-7 ya hana shi nuna. Da ya kau sai let-7 ya yawaita, ya danne lin-41. Shi kuwa lin-41 aikinsa tsare lin-29. Da aka kawar da mai tsaron, lin-29 ya tashi a L4, ya kunna kolajin na balaga, ya tsayar da rabuwar ƙwayoyin gefe, ya rufe babin saɓa. Ka lura kusan kowane mataki cire wani shinge ne. Balaga tana nan a shirye tun farko, ana tare ta ne har lokaci ya yi. Idan let-7 ya lalace sosai, tsutsar takan fashe ta mafitar ƙwai daidai lokacin shiga balaga, hanjinta ya fito. Wanda ya taɓa ganin wannan a faranti ba ya mantawa.

A gefe guda, wannan lin-28 ɗin yana jikinmu, kuma binciken da aka yi a kan dubban mata a 2009 ya nuna bambancin da ke kusa da ɗaya daga cikin nau'o'insa biyu yana da alaƙa da shekarun da yarinya take fara al'ada.

Sai tsari na biyu, mai zagayawa. Tsutsotsin nan da lissafinsu ya rikice, tazarar da ke tsakanin saɓa da saɓa ba ta canja musu sosai ba. Yawan saɓar ne da abin da ake yi a tsakani suka canja. Ke nan akwai wani abu daban da yake buga lokacin. Ka ɗauki telan da yake ɗinka wa yaro kayan salla. Kowace shekara aikinsa iri ɗaya ne, awo da yanka da ɗinki, kuma zuwan salla ne yake tayar da shi. Amma ko za a yi wa yaron 'yar shara ko an kai ga babbar riga, wannan shekarun yaron ne suke yankewa, ba kalandar tela ba.

An daɗe ana zaton homon ɗin, wato sinadarin aika saƙo a jiki, da yake sa ƙwari saɓa, ekdaison, shi ne a nan ma, tunda tsutsotsin nan da ƙwari dangi ne na nesa. Da aka kammala karanta dukan gadon C. elegans a 1998 sai aka ga ba ta da makarɓin wannan homon, ko da yake wasu tsutsotsin filariya, irin masu kawo tundurmi, suna da shi. Abin da aka samu shi ne wata ƙwayar gado mai suna nhr-23, wadda take tashi ta faɗi sau ɗaya a kowane mataki, tana kunna kolajin da sinadaran narkar da riga. Idan aka kashe ta tsutsa ba ta iya saɓa. A 2005 Alison Frand da Ruvkun suka bi ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya suna kashewa, suka sami 159 da saɓa ba ta yiwuwa sai da su. Daga baya, a 2014, ɗakin binciken Helge Grosshans a Basel ta Suwizalan ya auna saƙonnin jikin tsutsa awa bayan awa, ya ga dubban ƙwayoyin gado suna hawa da sauka, kowace da lokacinta, zagaye ɗaya cikin awa 8 a zafin digiri 25. Zagaye huɗu, saɓa huɗu, sannan abin ya lafa.

A tsakiyar wannan akwai lin-42, kuma ita ce ta fi burge ni. 'Yar'uwa ce ga ƙwayar gadon da take tafiyar da agogon dare da rana a jikin ƙuda da jikinmu. A tsutsa sai aka ba ta wani aikin: tana tashi sau ɗaya a kowane mataki, ba sau ɗaya a yini ba. Idan ta lalace, tsutsotsin da aka ƙyanƙyashe tare sai kowace ta yi saɓa a lokacin da ta ga dama, wasu su daɗe cikin barci su kasa fita, kuma alamun balaga su zo da wuri. Wato ta taɓa tsarin biyu a lokaci ɗaya. Dalili shi ne su lin-4 da let-7 ba a zubo su gaba ɗaya. A kowane zagaye ake ƙara kaɗan, nhr-23 tana cikin masu buɗe famfon, lin-42 tana cikin masu rufewa. Haka suke taruwa zagaye bayan zagaye. Kuma let-7 idan ya yawaita yakan juyo ya danne nhr-23 ɗin kanta. Ga amsar tambayarka ta farko: babu wani maƙirgi da yake cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kowane zagaye na saɓa yana tura jerin gaba, kuma ƙarshen jerin, wato let-7 da lin-29, shi yake kashe zagayen. Bambanci ɗaya da agogon dare da rana: shi wancan saurinsa ba ya canjawa sosai da zafi ko sanyi, wannan kuwa yana sauri da ɗumi, yana jinkiri da sanyi.

Yanzu mu dawo gida.

Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta sami abinci ba, ba ta fara komai. Lin-4 ba ya tashi, tana zama a L1 har makonni. Wadda ta ji cunkoso da yunwa da zafi a farkon rayuwa, ta hanyar warin da 'yan'uwanta suke fitarwa, ba ta shiga L3 na al'ada. Tana shiga wani matakin jira da masana suke kira dauer, siririya, bakinta a rufe, rigarta mai kauri, tana iya yin watanni alhali rayuwarta ta yau da kullum mako biyu zuwa uku ce. Mai yanke wannan hukunci wani makarɓin homon ne, daf-12. Idan akwai wadata, jiki yana sarrafa kolestarol ya yi wani homon da aka gano a 2006, asid ɗin dafakuronik. Ya hau daf-12, daf-12 ya kunna 'yan'uwan let-7, tafiya ta ci gaba. Idan babu homon, daf-12 ɗin nan dai shi yake danne su, komai ya tsaya. In abinci ya dawo, ta ɗora daga inda ta tsaya, ƙwayoyin gefenta su yi lissafinsu daidai kamar ba a taɓa tsayawa ba.

Tsutsar da ta fi kashe tumaki da awaki a ƙasarmu ita ce Haemonchus contortus. Idan ka je mayanka aka buɗe maka ciki na huɗu na tunkiyar da ta rame, wanda yake haɗe da hanji, ka ɗauraye shi a hankali, za ka ga siraran tsutsotsi tsawon santimita 2 zuwa 3 suna motsi a tsakanin ninkin naman. Macen tana da zane ja da fari a murɗe: jan hanjinta ne cike da jinin tunkiya, farin kuwa mahaifarta ce cike da ƙwai. Mace ɗaya tana zubar da ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Da damina ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kashin dabba, ya yi L1 da L2 yana cin bakteriya, cikin kamar mako guda ya kai L3. A nan sai ta yi rabin saɓa: ta saki rigar L2 amma ba ta fita daga ciki ba, ta bar ta ta zama mata kube. Ba ta ci, ba ta girma, tana hawa ciyawa cikin raɓa tana jira. Wannan shi ne takwaran matakin dauer. Sai tunkiya ta haɗiye ta, ɗumin tumbi da iskar kabon dayoksaid da ke cikinsa su taɓa ta, kuben ya ɓalle ta wajen kai, ta ƙarasa saɓar da ta dakatar. An nuna cewa daf-12 da homon ɗinsa suna aiki a wannan tsutsar ma, haka kuma a tsutsar Strongyloides da masu ƙugiya da suke shiga mutane ta tafin ƙafa. Shi ya sa masu neman sababbin magunguna suka sa wa daf-12 ido.

Amma L3 ba ta jure ranin Zariya. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, iskar hunturu da zafin bazara suna busar da ita a fili. Da a ciyawa kaɗai take dogara, da kowace shekara ta ƙare. Tana da tsayawa ta biyu, kada ka haɗa ta da ta farko. Tsutsotsin da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina, da yawansu suna yin saɓa ta uku su shiga farkon L4, sai su lafe a cikin bangon ciki na huɗu. Ba sa shan jini, ba sa ƙwai. Binciken da aka yi a kan tumaki a nan Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa da rani mafi yawan tsutsotsin da ke cikin dabba a wannan halin suke. Kuma wurin tsayawar ya dace da abin da aka gani a C. elegans: idan aka hana ta abinci ba ta tsayawa a ko'ina, sai jim kaɗan bayan saɓa, a farkon sabon mataki.

Saboda haka tumakin babanka ba a damina suka ɗauki tsutsar farko ba, tun bara take cikinsu. Gab da saukar ruwa sai su farka kusan tare, su yi saɓa ta huɗu, su kama shan jini, a daidai lokacin da dabba ta fi rauni saboda ƙarancin abincin bazara. Tunkiya mai ciki ko mai shayarwa ta fi shan wahala, domin garkuwar jikinta takan sassauta a lokacin, kuma ita ce take cika makiyaya da ƙwai don 'ya'yanta su ɗauka. Kowace tsutsa tana janyo asarar kamar kashi ɗaya cikin ashirin na mililita na jini a rana. Dubu biyu a ciki ɗaya, mililita 100 ke nan kullum. Kumburin haɓar da ka gani daga nan yake, furotin na jini ya ragu ruwa ya taru a ƙarƙashin muƙamuƙi.

Abin da nake so ka gaya wa Baba, cikin ladabi: gwajin kashi da rani yana iya fitowa babu ƙwai alhali ciki cike yake da masu jira, don haka kada lafiyar rani ta ruɗe shi. A ba da magani cikin rani, kafin ruwan farko, lokacin da babu tsutsa a fili da za ta sake shiga, kuma a nemi likitan dabbobi ya zaɓi wanda yake kai wa ga masu kwanciyar, irin su ibamektin ko albendazol; albendazol ba a ba tunkiya a farkon ciki. A auna maganin da nauyin dabba, a daina raba ƙwaya ɗaya wa tumaki biyu, domin rabin magani shi yake rainon tsutsar da ba ta jin magani, kuma wannan matsala ta riga ta yaɗu. Da damina a riƙa jan fatar idon ƙasa ana dubawa kowane mako biyu: ja lafiya, fari-fari a yi magani a ranar. Masu shayarwa da 'yan raguna a ƙara musu harawa da dusa ko ƙuli, kuma in da hali a bar raɓa ta bushe kafin a sake su kiwo.